Ɗurin harsashi da hannu: yana biyan maharbi kuwa? Tambayoyi da amsoshi

A Amurka da Kanada da Afirka ta Kudu da ƙasashen arewacin Turai akwai maharba da yawa da ba sa barin kwanson harsashi a daji bayan sun harba. Tsince shi suke yi, su koma gida su wanke, su sake ɗura shi a kan teburin da suka keɓe don wannan aiki. Gardama ba ta ƙarewa a tsakaninsu kan ko wahalar tana biya. Ga tambayoyin da aka fi yi, har da waɗanda suka shafi maharbin Nijeriya da Nijar, wanda lamarinsa ya sha bamban da nasu.

Me ake nufi da ɗurin hannu?

Harsashin zamani abu huɗu ne aka haɗa. Akwai kwanso, wanda galibi na tagulla ne. Akwai makunni, ɗan ƙaramin abin nan mai kama da maɓalli da ke gindin kwanso, wanda allurar bindiga ke sara ya ba da tartsatsi. Akwai albarushi a ciki, sai kuma kan harsashi, wato dalmar da ke fita ta sami dabba. In an harba, uku sun tafi: makunni ya mutu, albarushi ya ƙone, dalma ta yi gaba. Kwanso kaɗai ke saura, shi ne kuma ya fi tsada a cikin huɗun.

Mai ɗuri yakan tsabtace wannan kwanso, ya matse shi a inji ya koma girmansa na asali don zafin harbi yana buɗa shi, ya cire mataccen makunni ya sa sabo, ya auna albarushi a sikeli, ya dasa sabon kai. Ba shi yake ƙera ko ɗaya daga cikin kayan ba. Sayo su yake yi daga kamfanoni, kuma awon da yake bi yana cikin littattafan da kamfanonin suka buga bayan sun gwada a ɗakunan gwajinsu.

A taƙaice, yana biya ko ba ya biya?

Ga maharbin da farauta kaɗai ke sa shi ɗaukar bindiga, ba ya biya. Wanda ke harbi duk mako, ko mai bindigar da harsashinta ke wuyar samu, shi yana biyansa. Ga wanda ke zaune a Nijeriya kuwa, doka ta rufe maganar tun kafin a kai ga lissafin kuɗi.

Yaya lissafin kuɗin yake?

Sai ka fara da jari. Ana buƙatar injin matsi, da bututun gyaran kwanso na kowane irin harsashi daban, da sikeli mai auna abu ɗan mitsitsi, da ma'aunin tsayi, da abin datse bakin kwanso, da littafin awo, da teburi mai ƙwari. Kamfanonin Amurka irin su Lee da RCBS da Hornady da Lyman suna sayar da waɗannan a haɗe cikin kwali guda, na Lee ne kuma aka sani da araha. Duk da haka kafin mutum ya ɗura harsashinsa na farko 'yan ɗaruruwan daloli sun fita, in an haɗa da albarushi da makunni da kai.

Mu yi misali da lambobi masu sauƙin rabawa. A ce jarin ya ci dala 500, kuma kowane harsashi da ka ɗura ya rage maka dala ɗaya a kan na kanti. Harsashin raifil ashirin ne a kwali. Mai farautar barewa a Amurka yakan harba 'yan ƙwayoyi don saita bindiga kafin a buɗe lokacin farauta, sannan ɗaya ko biyu a kan dabba. In ya ƙarar da kwali biyu a shekara ya yi ƙoƙari. Harsashi 40 ke nan, ragin dala 40. Sai ya shekara goma sha biyu da rabi kafin jarinsa ya dawo, ba a ma sa lokacinsa a lissafi ba. Wanda ke harba 1,000 a shekara a filin atisaye, cikin wata shida ya mayar da kuɗinsa.

Akwai kuma abin da sabon shiga ba ya hangowa: kayan ba a sayar da su kaɗan-kaɗan. Albarushi a gwangwani mai nauyin fam guda yake zuwa, wanda kan ɗura harsashin raifil matsakaici wajen 150. Makunni ɗari-ɗari ne ko dubu-dubu. Mai harba 40 a shekara zai yi shekara kusan huɗu yana kallon gwangwani ɗaya.

To me ya sa masu yi suke rantsuwa cewa suna samun sauƙi?

A kan kowace ƙwaya, gaskiya suka faɗa. A kan abin da ke fita daga aljihu a shekara kuwa, su da kansu suna yi wa juna dariya. Da zarar harsashi ya yi araha sai mutum ya ninka harbinsa. Daga nan sai ya ga sikelinsa bai isa ba, ya sayo na lantarki. Sai ya so sanin gudun dalmarsa, ya sayo na'urar auna gudu. Sai inji mai hannu ɗaya ya ishe shi, ya koma irin na kamfanin Dillon da ke fitar da harsashi duk jan hannu guda. Abin ya tashi daga tsimi ya koma sha'awa, kuma babu laifi a sha'awa in mutum ya kira ta da sunanta. Riba ɗaya da ba a musu a kanta ita ce mai yawan harbi hannunsa ya fi faɗawa, kuma dabbar da gwani ya harba ta fi saurin faɗuwa ba tare da ta sha wuya ba.

Wace irin bindiga ce ɗurin ya fi yi wa rana?

Wadda kanti ya manta da ita. Harsasai irin su .308 Winchester da .30-06 da .270 ana yin su miliyoyi, kowane kantin ƙauye a Amurka yana da su, kamfanoni kuma suna gasar karya farashi. Ragin da mai ɗuri zai samu a kansu bai taka kara ya karya ba.

Labari yana canzawa in aka zo kan manyan harsasan da ake farautar ɓauna da giwa da su: .375 H&H na 1912, da .416 Rigby na 1911, da .470 Nitro Express. Kwalinsu ɗaya yana iya cin kuɗin kwali da yawa na ƙananan. Mai irin wannan bindiga kuma dole ya yi ta atisaye har kafaɗarsa ta saba da naushinta, domin ba a koyon harbi a gaban ɓauna. Nan ɗuri yana mayar da jari da wuri, yana kuma ba shi damar yin harsashi mai sauƙin naushi don koyo. Haka mai tsohuwar bindigar gado wadda aka daina yi wa harsashi, ko ake yi sau ɗaya a shekara. Shi ba tsimi ya kai shi ba: ko ya ɗura, ko bindigar ta zama kayan ado a bango.

Bindiga mai watsa ƙwayoyin dalma fa, irin ta harbin zabi da agwagin ruwa?

Nan ribar ta fi ƙanƙanta. Harsashi mai lamba 12, wanda shi ne ya fi yawa a duniya, kamfanoni suna yinsa da arahar da mai ɗuri a gida ba ya iya kamowa, musamman da buhun ƙwayar dalma ya yi tsada. Masu injin ɗuri na kamfanin MEC da har yanzu suke cin riba su ne masu ƙananan bindigogi, lamba 28 da .410, waɗanda harsashinsu ya fi na 12 tsada duk da ƙanƙantarsa.

Ɗurin wannan harsashi kuma ba ya karɓar dabara. Kwanson roba, da makunni, da toshiyar da ke tsakanin albarushi da dalma, kowanne sai wanda littafi ya ambata da sunansa. Ka musanya ɗaya da mai kama da shi, matsin da ke cikin bindiga ya tashi ba tare da wata alama ba. Bututun mai watsi siriri ne. Iyakar matsin da aka yarda wa lamba 12 na yau da kullum bai kai kashi ɗaya cikin biyar na abin da .308 ke ɗauka ba.

An ce harsashin hannu ya fi na kamfani daidaito. Haka ne?

Yana iya fi. Kowace bindiga da halinta, ko da daga inji ɗaya suka fito. Mai ɗuri yana gwada kai iri-iri da awo iri-iri a cikin iyakar littafi har ya dace da wanda bindigarsa ke so, sai ka ga harbi biyar sun taru wuri guda kamar an ɗinka.

Tambayar ita ce ko maharbi yana buƙatar hakan. Inda ake nufa a jikin barewa, wato huhu da zuciya, faɗinsa ya kai tafin hannu biyu, wajen santimita 20. Raifil na zamani da harsashin kanti mai kyau yana tara harbinsa cikin santimita uku zuwa biyar a nisan mita 100. Ko ka rage wannan zuwa biyu, barewar da ke tsaye a mita 150 ba za ta san bambanci ba. Abin da ke sa a kuskure dabba a daji shi ne haki, da rawar hannu, da iska, da rashin iya ƙiyasta nisa, da jan kunama da gaggawa. Sikeli ba ya maganin ko ɗaya. Mai gasar harbin nesa, ko mai farautar tumakin dutse daga wannan tsauni zuwa wancan, shi kam kowane santimita yana da daraja a wurinsa.

In haka ne, me ya sa iyaye da kakanni a Amurka suka rungumi abin sosai?

Don a zamaninsu hujjar tana da ƙarfi. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu masana'antun Amurka sun koma yi wa soja aiki, maharba suka rasa harsashi. A lokacin ne Vernon Speer ya riƙa tattara kwanson ƙaramin harsashi .22 da aka harba yana mayar da shi rigar dalma. Fred Huntington ya kafa RCBS a 1943 a jihar Kalifoniya. Da aka gama yaƙi gwamnati ta rasa yadda za ta yi da tulin albarushin da ya rage, sai Bruce Hodgdon ya sayi mai nauyin fam 50,000 a 1947 ya riƙa sayar wa maharba da araha. Kwanson soja kuma ga shi birjik. A 1958 Richard Lee ya fito da ɗan ƙaramin kayan ɗuri da ake aiki da shi da guduma a kan teburin kicin.

Ban da araha, akwai inganci. John Nosler ya harbi wani ƙaton barewar arewa a Kanada a 1946, dalmar kanti ta tarwatse a kafaɗar dabbar ba ta shiga ba. Haushin haka ya sa ya ƙera nasa kan harsashi mai ɗaki biyu, mai suna Partition, ya fara sayarwa a 1948. Shekaru da yawa duk mai son irin wannan kai sai dai ya ɗura da hannunsa. Daga 1977 kamfanin Federal ya fara layinsa na Premium, yana ɗora kawunan harsashi na ƙwararrun kamfanoni irin su Sierra da Nosler a harsashin kanti, sauran kamfanoni suka bi sahu. Yau abin da kaka ya yi ta wahala a kai yana nan a kwali, albarushin rarar yaƙi kuma ya daɗe da ƙarewa. Mutane da yawa gadon hujjar suka yi, ba su duba ko tana nan da ranta ba.

Kowane kwanso ne ake iya sake ɗurawa? Sau nawa?

A'a. Ƙaramin harsashi .22 mai makunni a gefen gindi ba a sake shi. Kwanson baƙin ƙarfe da na alminiyam ma zubarwa ake yi. Ko a na tagulla akwai iri biyu. Makunnin Boxer rami ɗaya gare shi a tsakiya, tsinke ɗaya ke ture shi waje. Makunnin Berdan ramukansa a gefe suke, cire shi aiki ne, kuma yawancin tsohon harsashin soja na Turai da Rasha irinsa ne. Abin dariya, Edward Boxer Baturen Ingila ne amma Amurka ce ta rungumi nasa, Hiram Berdan kuwa Ba'amurke ne amma a Turai nasa ya samu karɓuwa.

Kwanso mai kyau yakan yi zagaye biyar zuwa goma, wani ya wuce, gwargwadon zafin ɗurin da ake masa. Kowane harbi yana miƙar da shi, tagullar tana sirancewa kusa da gindi, bakin yana taurara har ya tsage. Wanda bai iya gane kwanson da ya gaji ba, wata rana gindin zai rabu a cikin bindiga, iska mai zafi ta dawo masa a fuska.

Ba zai cece ni ba ranar da harsashi ya ɓace a kasuwa?

Sai in ka tara kaya tun kafin ranar. Amurka ta ga irin wannan ƙaranci a 2009, da 2013, da kuma 2020 zuwa 2021 lokacin annobar korona, lokacin da kamfanin Remington ma ya durƙushe. Abin da ya fara ɓacewa a kantin masu ɗuri shi ne makunni, don kamfanonin da ke yinsa a ƙasar, Federal da CCI da Winchester da Remington, su ne dai masu yin harsashi, kuma layinsu suka fara ciyarwa. Mai inji da albarushi da dalma amma babu makunni, zaune yake kamar kowa. Ga maharbin da kwali biyu ke isarsa a shekara, ajiye kwali goma a wuri mai sanyi marar laima ya fi sauƙi, kuma harsashin kamfani yana shekaru da dama bai lalace ba.

Haɗarin fa, ana zuzuta shi ne ko da gaske ne?

Da gaske ne, ko da yake dubban mutane suna yi shekara da shekaru lafiya lau. A cikin .308 matsi yana kaiwa fam 62,000 a kan kowane inci murabba'i, ɗan taƙi kaɗan daga idon mai harbi. Wannan iyaka ƙungiyar SAAMI ta masana'antun Amurka ce ta sa, Turai kuma tana da tata hukumar, CIP. Kamfani yana da na'urar auna matsi. Mutum a gida littafi kawai gare shi da natsuwarsa.

Kurakuran da ke fasa bindiga sanannu ne. Na farko rikita albarushi: iri-irinsa sun fi ɗari, wani mai saurin ci, wani mai jinkiri, ido kuma ba ya rabe su. Awon da ya dace da mai jinkiri, in aka yi shi da mai sauri, raifil ya zama gurneti. Na biyu zuba awo sau biyu a kwanso ɗaya. Na uku mantawa da albarushi gaba ɗaya: makunni kaɗai zai tura dalma ta maƙale a tsakiyar bututu, harbi na gaba ya tarar da hanya a toshe. Na huɗu ɗaukar awo daga bakin aboki ko daga wani a intanet. Duka huɗun ba rashin ilimi ke kawo su ba, shagala ce: waya ta yi ƙara, yaro ya shigo, ido yana kan ƙwallo. Mutumin da ya san kansa da gaggawa ya bar wannan sana'a. A sani kuma, yawancin masu ƙera bindiga sun rubuta a takardarsu cewa ba su da alhakin abin da harsashin hannu ya jawo.

Zafin ƙasa yana da tasiri?

Yana da shi, kuma Afirka ce ta koya wa masu ƙera bindiga wannan darasi. Albarushin kodayit da Ingila ke amfani da shi a farkon ƙarni na 20 yana ƙara ƙarfi in ya sha rana. Harsashin da ya yi lafiya a sanyin Landan sai ya riƙa maƙalewa a bindiga a Afirka da Indiya, har kamfanoni suka koma yin ɗuri mai sauƙi na musamman don ƙasashe masu zafi. Girman kwanson .416 Rigby ma dalilinsa ke nan, a samu ƙarfi ba tare da matsi ya yi yawa ba. Albarushin yau ya fi jure sauyin yanayi, amma dokar tana nan: abin da aka gwada da sanyin hunturu ba a ɗauka cewa zai yi daidai a rana irin ta watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri, inda zafi ke wuce digiri 40, balle a bar shi a gaban mota.

Dalma ba ta cutar da mai ɗuri da iyalinsa?

Tana cutarwa, kuma mutanen Zamfara ba sa buƙatar a yi musu dogon bayani. A 2010 gubar dalma daga dutsen zinare da ake daka a cikin gidaje ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Hanyar da ta bi ita ce ƙura: ta sauka a ƙasa, yaro ya yi rarrafe, ya kai hannu baki. Teburin ɗuri yana tara irin wannan ƙura, don sinadarin da ke cikin yawancin makunni na dalma ne, kuma tokarsa tana cikin kowane kwanson da aka harba. Masu narka dalma su zuba kai da kansu sun fi kowa shaƙa. Gidan da ke da ƙananan yara ko mai juna biyu ba wurin wannan aiki ba ne.

Dokokin farauta ma suna juya wa dalma baya. Amurka ta hana harbin tsuntsayen ruwa da ita tun 1991. Kalifoniya ta hana ta a kowace irin farauta daga 2019, saboda wata babbar ungulu da ke mutuwa in ta ci ragowar naman da aka harba. Tarayyar Turai ta hana ta a fadamu da dausayi daga Fabrairun 2023. Wanda ya tara buhunan dalma a can yana iya wayar gari ba shi da inda zai harba su.

Me doka ta ce a ƙasashen da ake yi?

Kowace ƙasa da tata. A Amurka ba a neman lasisin tarayya in don kanka kake ɗurawa, amma sayarwa sai da lasisin masana'anta. A Jamus sai ka yi kwas, ka ci jarrabawa, ka karɓi izini ƙarƙashin dokar abubuwa masu fashewa kafin a sayar maka da albarushi. A Ingila ba a ba ka makunnin raifil sai ka nuna takardar mallakar bindiga. Afirka ta Kudu ta yarda mai lasisi ya ɗura wa bindigar da ke kan lasisinsa, dokarta ta shekarar 2000 kuma ta ƙayyade wa mai lasisi na gama-gari harsashi 200 da makunni 2,400 a kan kowace bindiga.

A Nijeriya fa?

Haramun ne a doka. Dokar Bindigogi ta 1959, wadda har yau ake aiki da ita, ta kasa bindiga uku. Akwai irin na yaƙi, waɗanda sai Shugaban Ƙasa ke ba da izininsu. Akwai na kai, irin su mai baki ɗaya da mai baki biyu na farauta, waɗanda lasisinsu ke hannun Sufeto Janar na 'Yan Sanda. Sai bindigogin da ake ɗurawa ta baki, da ke ƙarƙashin Kwamishinan 'Yan Sandan jiha. Riƙe harsashi ma sai mai lasisi. Ƙerawa ko haɗa harsashi kuwa, dokar ta keɓe shi ga ma'ajiyar makamai ta gwamnati da masana'antun soja, irin DICON da ke Kaduna tun 1964. Lasisin bindigar farauta ba ya ba ka izinin haɗa mata harsashi, hukuncin kuma ɗauri ne na shekaru.

Yarjejeniyar ECOWAS ta 2006 kan ƙananan makamai, wadda aka sa wa hannu a Abuja, ta haɗa har da harsashi da kayan haɗa shi. Saboda haka shigo da makunni ko albarushi ta iyaka fasa-ƙwaurin makamai ne, ko da a cikin jakar hannu ne. A halin da Zamfara da Katsina da Sakkwato da yankin Maraɗi suke ciki, mutumin da aka kama da buhun kwanso da sikeli zai daɗe yana bayani kafin wani ya yarda zabi yake nema. Wanda ke Nijar ko Kamaru ko Gana ya je wurin hukumar da ta ba shi takardar bindiga ya tambaya, kada ya ɗauki dokar Amurka da ya gani a bidiyo ya ɗora wa kansa.

Ai mafarautanmu sun daɗe suna ɗura bindigar toka da hannunsu. Ba abu ɗaya ba ne?

Ba ɗaya ba ne. Baushe ko harba-ka-ruga ba ta da kwanso, ɗurin ta baki shi ne yadda ake harba ta, kuma doka ta san da ita a rukuninta. Baƙin albarushin da take ci mai rauni ne in an gwada shi da na zamani marar hayaƙi, wanda Paul Vieille ya ƙirƙiro a Faransa a 1884.

Wannan bambanci ne ke raba mutane da yatsunsu. Wani ya samu harsashin zamani ya farke, ya juye abin da ke ciki a bindigar toka, wai don ta ƙara ƙarfi. Ko bindigar ɗuri ta baki da aka ƙera a masana'antar Turai ba ta ɗaukar wannan, balle wadda maƙeri ya yi da bututun da ya samu. A Ingila tun ƙarnoni da suka wuce ba a sayar da bindiga sai an kai ta gidan gwaji, na Landan ko na Bamingam da aka kafa a 1813, an harba ta da ɗurin da ya wuce ƙa'ida an ga ta jure, an buga mata hatimi. Baushe ba ta taɓa zuwa irin wannan gida ba. Ranar da aka cika mata ciki ita ce ranar gwajinta, kuma a hannun mai ita ake yinsa.

Wani ya kawo min harsashin da aka sake ɗurawa, da rabin kuɗin na kanti. In saya?

Kada ka saya. Ko a Amurka ƙa'idar masu ɗuri ita ce ba ka harba ɗurin wani, ko da amininka ne. Sayen kifi a ruwa ne: ba ka san me ke ciki ba, ba ka san nawa aka zuba ba, ba ka san sau nawa kwanson ya zagaya ba. A nan gida abin ya fi muni, don wanda ke cika tsohon kwanson roba a ɓoye ba shi da littafi, ba shi da kayan kamfani, da abin da hannunsa ya kai yake cikawa. Ga kuma laifin da ka ɗauka na riƙe shi.

Masu tafiya farautar manyan namun daji a wata ƙasa suna tafiya da nasu ɗurin?

Wasu suna yi, irin masu zuwa Tanzaniya da Zimbabuwe da yankunan farauta na arewacin Kamaru kusa da Benuwe da Faro. Jiragen sama kilo biyar na harsashi suke yarda wa fasinja, jami'an kwastan kuma suna duba rubutun gindin kwanso ya dace da na jikin bindiga, wanda kan zama matsala ga mai gyara kwanson wani iri ya mayar da shi wani. Masu hankali a cikinsu sukan saka kowace ƙwaya a bindiga su fitar tun a gida, su tabbata tana shiga sumul, don ba a fafe gora ranar tafiya. Da yawa kuma atisaye suke yi da na hannu, ranar haɗuwa da ɓauna su sa na kamfani.

Ni mai lasisi ne, kwali ɗaya ko biyu nake harbawa a shekara. Me ya fi min?

Ka sayi iri biyu ko uku daga dila mai rajista, ka gwada su a takarda daga nisan da ka saba harbi. Wanda bindigarka ta fi so, ka koma ka sayi abin da lasisinka ya yarda maka, ka duba lambar zubi da ke jikin kwalin ta zama ɗaya, don zubi daban yakan sauka wuri daban. Ka ajiye su a akwati mai makulli, nesa da laima da rana da hannun yara, ba wuri ɗaya da bindigar ba. Harsashin da ya kumbura, ko gindinsa ya yi tsatsa, ko ya taɓa jiƙewa, ka ware shi ka mayar wa dilan ko ka miƙa wa 'yan sanda.